Kujerar ɗaga yaro a cikin mota

Yara, ku duba ɗamarar da direba yake ɗaurawa in zai tashi mota. Ita ce ake ce ma santir. Reshe biyu gare ta: ɗaya ya bi ta kafaɗa da ƙirji, ɗaya ya kewaye ƙugu. Wani injiniya, Nils Bohlin, shi ya ƙago irin wannan santir a kamfanin Volvo na ƙasar Suwidin a shekarar 1959.

Mene ne amfaninta? In mota tana gudu, duk abin da ke cikinta gudu yake yi. In ta yi karo ta tsaya farat ɗaya, mutum ba ya tsayawa. Sai ya wuce gaba ya bugi kujera ko gilashi. Karo a gudun kilometir 50 a awa kamar faɗowa ne daga bisan metir 10. Ku tuna tsawon babban giginya. Hannun uwa, komi ƙarfinsa, ba ya iya riƙe ɗa a wannan lokaci.

Amma da awon babban mutum aka yi santir. In yaro ɗan shekara 6 ya ɗaura ta, reshen sama sai ya hau wuyansa, na ƙasa kuma ya kwanta bisa cikinsa. Nan ne haɗarin yake. Ku taɓa cikinku: laushi gare shi, babu ƙashi. Yanzu ku taɓa ƙugunku, dama da hagu. Kun ji ƙashi mai ƙarfi? Wannan ƙashi shi ya kamata ya ɗauki fizgar santir. In ciki ya ɗauke ta, hanji na iya fashewa, hanta da saifa su ji rauni, ƙashin baya ma ya taɓu. Abin tsoro shi ne, sau da yawa jinin ciki yake zuba, ba a ganin komi a waje sai ɗan shaci a fata. Yaron da santir ta bar ma shaci a ciki bayan karo, a kai shi wurin lokotoro nan da nan, ko da yana wasa.

Don haka aka yi wata ƴar kujera mai tauri da ake azawa bisa kujerar mota. Da Faransanci sunanta rehausseur. Volvo ne ya fara fito da ita a 1978. Ba ita ke riƙe yaro ba, santir ce ke riƙe shi. Aikinta ɗaga shi sama, don santir ta faɗa inda ya dace. Akwai mai majingina, akwai maras majingina. Mai majingina ta fi, don tana tare kan yaro in barci ya kwashe shi a doguwar tafiya, kamar daga Maraɗi zuwa Yamai.

Ba ta jinjiri ba ce. Jinjiri da ƙaramin yaro suna da tasu kujera mai igiyoyinta. Wannan ta yaron da ya kai kilo 15 ce, har zuwa kilo 36.

A baya ake aza ta, ba kusa da direba ba, don jakar iska da ke gaba tana buɗewa da ƙarfin da zai ji ma yaro. A zaɓi wurin da santir ke da reshe biyu. Yaro ya zauna, bayansa ya jingina sarai. Reshen ƙasa ya bi ta ƙarƙashin ƴan hannuwan kujerar, ya kwanta bisa saman cinya. Reshen sama ya ratsa tsakiyar kafaɗa. A ja ta ta matse, kada ta murɗe.

Yara da yawa, in santir ta dame su, sai su tura ta ƙarƙashin hamata ko bayansu. Kada ku yi haka. A hamata tana karya haƙarƙari, a baya kuwa ba ta tare komi. Lokacin ɗari, a tuɓe riga mai kauri kafin a ɗaura, a rufa ta daga sama. Lokacin zafi kuma a taɓa ƙarfen santir tukuna, don rana tana gasa shi. Matashin kai ba ya maye gurbin wannan kujera: a karo sai ya lotsa ya zame, yaro ya sulale ta ƙarƙashin santir. Kujerar da aka saya ta hannu, a duba ta da kyau. In ta tsage, ko an taɓa yin karo da ita, a bar ta.

Yaushe ake daina amfani da ita? A Faransa doka ta ce sai yaro ya cika shekara 10. Amma tsawo ya fi shekaru muhimmanci. Galibi sai ya kusa santimetir 150, ya iya jingina bayansa, gwiwoyinsa kuma su lanƙwashe daidai bakin kujerar mota.

Aiki: Ku auna santimetir 150 a bangon aji, ku ja layi da alli. Kowa ya tsaya a gwada shi. Mutum nawa ne suka kai layin? In kun koma gida, ku nuna ma iyayenku inda santir ya kamata ta bi a jikin ƙanenku.