Tsargiya da Tabon Hanta

Yaron da ke iyo a kududdufi a Wanke, kusa da Gusau, yana iya kamuwa da tsargiya. A nau'inta na hanji, ƙwan tsutsar kan maƙale a hanta, ta yi tabo ta ƙandare. Masu saƙa tabon wasu ƙwayoyin halitta ne da ke manne da ƙananan hanyoyin jini, waɗanda Toshio Ito na Japan ya bayyana a 1951.

Don nazarinsu, masana kan narkar da hantar ɓera da sinadari, su wulwula ruwan a na'ura. Da yake ƙwayoyin na ɗauke da kitse, sai su taso sama, a kwashe su a rena a faranti. Kalmar “reno” ta dace a nan, domin ciyar da su ake yi. Cikin kamar mako guda sukan zubar da kitsen, su fara saƙar tabo, sannan a gwada maganin da zai dakatar da su.