Ku Karɓo Takardarku Tun Alƙali Yana Kan Kujera

'Ya'yana na ƙasar Tambuwal da Kebbe. Da ku nake magana, ku da kuka iya karatu da rubutu, domin ku iyaye ke aika duk lokacin da wani lamari ya haɗa gida da hukuma. Maganar takarda ce: takardar hukuncin kotu da ta rahoton 'yan sanda.

Akwai ɗabi'ar da muka gada wadda ke cutar da mu. In an gama shari'a, wanda ya yi nasara sai ya yi godiya ya koma gida ana yi masa barka. Wanda aka kayar ya ce ya bar wa Allah. Cikinsu babu mai komawa wurin rajistara ya nemi kwafin abin da aka rubuta. Wani kunya ke hana shi, yana ganin neman takarda kamar rashin yarda da alƙali ne. Wani kuwa tsoron harabar kotun yake, ya samu ya fito ba ya son ya waiwaya. Bayan shekara 20 alƙalin ya yi ritaya ko ya rasu, dattawan da suka taka iyakar gona sun riga mu gidan gaskiya, sai jikoki su tono maganar da aka daɗe da binnewa. A tambayi magada hujja, su ce ai kowa ya sani. To, kowan nan da ya sani yana kabari. Gidaje nawa ne a Jabo, Sanyinna, Dogon Daji ko Kuchi da zumuncinsu ya tsinke a kan fadama ɗaya, alhali da an ajiye takarda guda da ba a kai ga haka ba? Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, umarni ta yi da a rubuta bashi a kafa shaidu. Wanda addininsa ya koya masa wannan bai kamata ya ji nauyin neman rubutu ba.

Ku fara da sanin ƙofar da za ku ƙwanƙwasa. Da yawa sakatariyar ƙaramar hukuma suke nufa, suna zaton duk abin da ya faru a ƙasar Tambuwal ko Kebbe yana can a ajiye. Ba haka ba ne. A wasu ƙasashe, kamar Amurka, ƙaramar hukuma kan riƙe 'yan sandanta da ofishin ajiyar takardun kotu. A Najeriya 'yan sanda na gwamnatin tarayya ne, DPO, wato shugaban caji ofis, yana ƙarƙashin kwamishinan 'yan sanda da ke Sakkwato. Kotunan majistare da na shari'ar Musulunci kuma na ɓangaren shari'a na jiha ne. Shugaban ƙaramar hukuma ba shi da iko a kan fayil ɗin kotu, kansila ma haka. Abin da za ka samu a sakatariya shi ne irin takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma da bayanan ayyukanta. Takardar hukunci tana kotun da ta yi shari'ar, rahoto kuma yana caji ofis ɗin da aka kai shi.

In ka je kotu, ba wurin alƙali za ka tsaya ba, rajistara za ka nema. Ka tafi da rubutacciyar buƙata mai ɗauke da sunan mai ƙara da wanda aka yi ƙara, lambar shari'a, da ranar da aka yanke hukunci. Lambar nan tana jikin sammaci, shi ya sa nake cewa ko sammaci kada a yar. Ka yi kwafi biyu, ka miƙa ɗaya, ɗayan a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata ka koma da shi gida. In akwai kuɗin da doka ta ƙayyade, ka biya ka karɓi rasit.

Ba alfarma kake roƙo ba. Tsarin Mulkin 1999, sashe na 36(7), ya wajabta wa kotu ta rubuta yadda shari'ar laifi ta gudana, ya kuma ba wanda aka tuhuma, ko wanda ya wakilta, damar karɓar kwafin hukunci cikin kwana 7 da gama shari'a. Sashe na 294 ya ce manyan kotuna, irin su Babbar Kotun Jiha da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, su ba kowane ɓangare ingantaccen kwafin hukuncinsu cikin kwana 7.

A nan ne nake so ku nutsu sosai. Kwafin da aka ɗauka a shagon kwamfuta, ko hoton da ka ɗauka da waya, ba shi ne hujja ba ranar da ake neman hujja. Dokar Shaida ta 2011, sashe na 104, ta faɗi abin da ke mayar da kwafi tabbatacce, wanda lauyoyi ke kira CTC: a rubuta a ƙasansa cewa daidai yake da na asali, a sa kwanan wata, jami'in da ke riƙe da takardar ya sa hannu da sunansa da muƙaminsa, a buga hatimi in ofishin na da shi, bayan an biya kuɗin da aka ƙayyade. Kafin ka bar gaban tebur ka duba waɗannan ɗaya bayan ɗaya. Sannan ka karanta abin da ke ciki. In rabon gado ne, ka ga an ambaci kowane magaji da rabonsa, mata da maza. In gona ce, ka ga an faɗi maƙwabtanta gabas da yamma, kudu da arewa. In da ajami ko Larabci aka rubuta, ka kai wa malamin da ka amince da shi ya karanta maka. Kuskuren suna ko na iyaka yana gyaruwa cikin sauƙi a makon da aka yi shi, bayan shekaru kuwa sai da sabuwar shari'a.

Wanda bai gamsu da hukunci ba ya fi kowa buƙatar gaggawa, domin lokacin ɗaukaka ƙara ƙayyadadde ne, a ƙananan kotuna yawanci kwana 30. Kotun sama kuma ba ta halarci zaman farko ba, abin da aka rubuta take dubawa. Manyanku na tuna shari'ar Safiya Hussaini, wadda kotun shari'a ta Gwadabawa ta yanke wa hukuncin jefewa a watan Oktoban 2001. Ranar 25 ga Maris 2002 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Sakkwato ta sallame ta, bayan ta bi bayanan shari'ar ta ga an saɓa ƙa'ida, ta kuma ga abin da ake tuhumarta da shi ya riga fara aikin dokar. Da rubutun zaman farko aka gano wannan, kuma rai ne ya tsira.

Lamarin 'yan sanda ya ɗan bambanta. In an sace maka babur ko shanu, ko an yi haɗari a hanyar Sakkwato zuwa Jega, ka kai rahoto da wuri, ka tabbata an shigar da shi littafi, ka riƙe ranar da sunan jami'in da aka ba binciken. In takardar makaranta ko ta mota ce ta ɓace, ana fara yin takardar rantsuwa a kotu, sannan a kai caji ofis a karɓi takardar shaidar ɓata. Mai neman shaidar cewa ba shi da tarihin laifi, don aiki ko fita waje, yanzu ta intanet ake nema a shafin 'yan sanda na POSSAP. In kuma an kama ɗan'uwanka, sashe na 35 na Tsarin Mulki ya ce a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24. Ka nemi a rubuta kayan da aka karɓa daga hannunsa. Beli a caji ofis kyauta ne.

Akwai kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu ranar 28 ga Mayu 2011, kwanaki kaɗan kafin wakilin mazaɓarmu ta Kebbe da Tambuwal na wancan lokaci, Aminu Waziri Tambuwal, ya zama Kakakin Majalisar Wakilai. Ta ba kowa damar neman bayani daga ofishin gwamnati ba tare da ya faɗi dalilinsa ba. Ofishin na da kwana 7 ya amsa, yana iya ƙara wasu 7, in zai hana kuma sai ya rubuta dalili. Kuɗin kwafi kawai aka yarda a karɓa. Wanda bai iya rubutu ba yana iya wakilta wani, wannan kuwa aikinku ne. An daɗe ana gardama ko dokar ta hau kan jihohi, har watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli, a wata ƙara daga jihar Edo, ta yanke cewa ta hau kan kowane matakin gwamnati.

Sai dai kada ku ɗauki dokar nan ku shiga ofis kuna ɗaga murya. Ita kanta ta yarda a hana bayanin da zai ɓata binciken da ake ciki, ko ya tona wanda ya ba da labari a asirce, ko ya jefa ran wani cikin haɗari. A yankin da 'yan bindiga suka addaba, wannan hani rahama ne, kuma ina goyon bayansa. Haka nan ba kowace takarda da ta zo hannunka ake watsawa a Facebook ba. Takardar sakin ƙanwarka ko shari'ar maƙwabcinka amana ce.

Ku yi sallama, ku gaida ma'aikaci da mutunci, ku yi haƙuri in an ce a dawo gobe, amma ku dawo ɗin. In jinkiri ya wuce kima, ku rubuta wa na gaba da shi: babban rajistara a Sakkwato in kotu ce, kwamishina in 'yan sanda ne. Hukumar Sauraren Koke-koken Jama'a, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam da Hukumar Ba da Agajin Lauya duk suna karɓar kuka ba da kuɗi ba. Abin da na hore ku da shi da babbar murya: kada ku yarda da ɗan kan hanya da zai ce ku kawo wani abu ya haɗo muku takarda ba sai kun shiga ciki ba. Takardar jabu laifi ce da ke kai mutum gidan yari, kuma tana kashe gaskiyar mai gaskiya.

Kada ku manta da iyayenku mata da 'yan'uwanku mata. Su ne suka fi rasa takarda, su ne kuma suka fi shan wahalar rashinta, wajen gado, wajen ciyar da yara, wajen tabbatar da mutuwar aure. Ku raka su, ku karanta musu, ku bar takardar a hannunsu.

Cikin makon nan ku zauna da mahaifinku ko kawunku, ku tambaye shi shari'o'in da gidanku ya taɓa yi, da kotun da aka yi su. Wadda babu takardarta ku je ku nemo tun fayil yana nan. Wadda ke akwai ku sa ta a leda saboda ruwa da gara, ku ɗauki hotonta, ku ajiye kwafi ɗaya a wani gida dabam. Allah ya raba ku da tsayuwa gaban alƙali, ya kuma ba ku ikon riƙe haƙƙin marayu da na raunana.