Damina Ba Ta Jiran Kwamfuta

Gabatarwa

Sau da yawa dogon hutun jami'a kan faɗo cikin damina, lokacin da malaman ilmin halittu ke tura ɗalibai garuruwansu su tattaro bayanan bincike. A yau kuma wasu ɗaliban na da wani buri daban, wato ƙirƙirar wasannin kwamfuta da na waya. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. To, ko ɗalibi zai iya riƙe ayyukan nan biyu ba tare da ɗaya ya kashe ɗaya ba?

Abin da sauro ke koyarwa

A ɗauki misalin ɗalibin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da aka tura Illela, garin da ke kan iyaka daura da Birnin Ƙonni, don ya ƙidaya tsutsar sauro a kududdufai da gefen tafkin Kalmalo. Macen sauron Anofilis, mai yaɗa zazzaɓin cizon sauro, kan zuba ƙwai 50 zuwa 200 a kan ruwa. Su ƙyanƙyashe cikin kwana 2 zuwa 3, kuma daga ƙwai zuwa sauro mai tashi ba ya wuce kwana 10 zuwa 14 a ƙasa mai zafi. Ana gane tsutsarsa da cewa takan kwanta a miƙe ƙarƙashin fuskar ruwa, ta Kuleks kuwa takan rataya kai ƙasa.

Ma'anar wannan ita ce, wanda ya yi fashin mako biyu ya rasa zuriya guda sukutum. Ga shi daminar wannan yanki gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba. Da kududdufai sun ƙafe, sai baɗi, alhali kundin kammala digiri ya dogara ga waɗannan alƙaluma. Shi kuwa wasan da ake rubutawa yana nan inda aka bar shi. Saboda haka aikin da ke da wa'adi shi ke da safiya: fita ɗibar ruwa bayan asuba, rubuta sakamako kafin azahar. Sa'a ɗaya ko biyu bayan isha'i ta wadatar da wasan, in an dawwama a kai. Tun ran gini, tun ran zane.

Inda hanyoyin suka haɗu

Tarihi ya nuna ilmin halittu da wasa ba kishiyoyi ba ne. Satoshi Tajiri na Japan, wanda ya fito da Pokémon a 1996, tara ƙwari ya fara yi tun yana yaro. A 2008 Jami'ar Washington ta Amurka ta fito da Foldit, wasan naɗe furotin, kuma a 2011 'yan wasan suka gano siffar wani furotin na ƙwayar cutar birai da ta gagari masana fiye da shekara 10. A 2012 masu bincike a Madrid ta Sifen suka ƙirƙiro MalariaSpot, inda 'yan wasa ke ƙidaya ƙwayoyin zazzaɓi a hotunan jini. Daɗin daɗawa, Demis Hassabis na Ingila, wanda ya yi aiki kan wasan Theme Park na 1994 yana matashi, ya samu kyautar Nobel ta ilmin sinadarai a 2024 kan hasashen siffar furotin.

Kammalawa

Ɗalibin Illela na iya gina wasansa kan abin da ya gani da idonsa: ɗan wasa ya cike kududdufai kafin kwana 10 su cika, ko ya bambance tsutsar Anofilis da ta Kuleks. Sai dai kada ya saka alƙaluman binciken a ciki sai da izinin malamin da ke duba aikinsa, domin amana ce. In kuma lokaci ya ƙure, dole a ajiye ɗaya, to wasan za a ajiye, domin shi ba ya ƙafewa.