Darasin Ɗa'a da Tuba Daga Ƙissar Annabawa Uku

Muna farawa da sunan Allah, muna gode masa a kan ni'imar Musulunci da ni'imar ɗariƙa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa, dalilin tsara waɗannan baitoci da sharhinsu shi ne, wani daga cikin masu zaman wazifa tare da mu ya ɓace mana har damina biyu. Ran nan bayan sallar lisha sai ga shi a zaure, ya zauna nesa da fitila. Na ce masa, "Malam, lafiya muka daina ganinka?" Ya ce, "Allah gafarta Malam, an ba ni ajiyar kuɗin marayu, na zuba su a fatauci ba da izini ba, suka narke. Tun daga ranar, in na ɗauki tasbaha sai in ji kunya ta rufe ni. Bakin da ya ci dukiyar maraya, da wace fuska zai yi zikiri?" Na san ba shi kaɗai Shaiɗan ya kama da wannan igiya ba, saboda haka na ga ya kamata amsar ta zama ta kowa.

Kafin mu shiga, a kiyaye wannan: Annabawa ma'asumai ne, Allah ya tsare su daga ƙarya da ha'inci da ɓoye saƙo. Abin da suka nemi gafara a kansa ba irin zunubanmu ba ne. Ko dai mantuwa ce, ko barin abin da ya fi dacewa da girman matsayinsu. Alƙali Iyali, wanda ya rasu a shekara ta 544 bayan Hijira, ya yi dogon bayanin wannan a littafinsa Asshifa. Saboda haka mu yi maganarsu da ladabi.

Da sunan Ilahi nake fara waƙa,
Ya buɗe basira, ya sa ni ga tuba.

Salati ga Manzo, fiyayyen halitta,
Da alai, sahabbai, da sun ka ci riba.

Uba Adamu ya ci ƴaƴan itace,
Ya amsa da laifinsa babu tababa.

Shi Iblisu ya ce wuta ta fi yumɓu,
Ya ɗaukaka kansa, ya gaji azaba.

Sharhi: Ka sani, ya kai mai neman kusanci, a farkon labarin ɗan Adam akwai bayi biyu, kowanne an ba shi umurni guda. An umurci Iblisu ya yi sujada ga Annabi Adamu, alaihis salamu, ya ƙi. An hana Annabi Adamu kusantar wata itaciya, ya manta, ya ci. To, ga su nan su biyu, amma dubi inda kowa ya ƙare. Da aka tambayi Iblisu, sai ya kawo hujja, ya gwada asalinsa da na Adamu, daga baya ma ya jingina ɓatansa ga Ubangijinsa. Abin da ya roƙa kuwa shi ne jinkiri, bai roƙi gafara ba. Shi kuwa Annabi Adamu, shi da Nana Hauwa'u, ba su kawo uzuri ba ko ɗaya, alhali suna da abin faɗi, tun da yaudararsu aka yi har da rantsuwa. Suka ɗora laifin a kan kawunansu, suka nemi gafara da rahama, kamar yadda ya zo a Suratul A'arafi, aya ta 23. Suratu Ɗaha kuma, aya ta 122, ta ba da labarin cewa bayan wannan Allah ya zaɓe shi, ya karɓi tubarsa, ya shiryar da shi.

Abin lura a nan shi ne, Iblisu ya riga ya yi ibada mai yawa kafin wannan rana, har ya samu zama tare da mala'iku. Amma ibadar da mai ita yake ƙirgawa, yana ganin ya fi wani da ita, ba ta tsaya masa ba ranar jarrabawa. Saboda haka mai yawan nafila da azumi ya ji tsoron kansa in ya fara raina masu saɓo. Mai saɓo kuma ya sani, matakin farko na komawa shi ne ya bar "ai wane ne ya sa ni," ya ce "ni na yi."

Yunusa cikin kifi, kifi a teku,
Dare ya rufe su, wa ke iya duba?

Kiransa ya samu shiga nan da nan don
Da tasbihi tun can ga fari ya saba.

A teku fa Fir'auna shi ma ya roƙa,
Ashe an rufe, sai nadama, musiba.

Sharhi: Annabi Yunusa ɗan Matta, alaihis salamu, an aiko shi ga mutanen Ninawa, wani babban birni a gabashin kogin Dajla, daura da garin Mausil na ƙasar Iraƙi. Ma'abota Littafi ma suna da labarinsa a wurinsu. Ya kira mutanensa ga tauhidi suka ƙi, ya yi musu gargaɗin azaba, sa'an nan ya fita daga garin yana mai fushi, tun ba a yi masa izinin fita ba. Ya shiga jirgin ruwa wanda aka cika da kaya, aka yi ƙuri'a ta faɗa a kansa, ya auka cikin teku, kifi ya haɗiye shi. Masu tafsiri sun ce duhu uku ne suka haɗu a kansa: duhun dare, da duhun teku, da duhun cikin kifi. A nan ya yi kira, kiran nasa kuwa ya tara abu uku: ya kaɗaita Allah, ya tsarkake shi, ya yi iƙirari a kan kansa. Bai ce mutanen Ninawa ne suka gajiyar da shi ba, ko da yake sun gajiyar da shi.

To, me ya sa aka amsa masa? Suratus Saffati, aya ta 143 da ta 144, ta bayyana cewa ba domin ya kasance daga masu tasbihi ba, da cikin kifin nan ya zama makwancinsa har tashin alƙiyama. Da yawa daga malamai sun fassara wannan da ibadar da ya saba yi tun yana cikin yalwa. Watau ɗa'ar jiya ita ce ta yi masa jagora a daren ƙunci. Ka kwatanta shi da Fir'auna. Shi ma ya yi kira a cikin ruwa, ya furta imani sa'ad da teku ta rufe shi, amma aka mayar masa da maganarsa, domin ya ƙare rayuwarsa cikin saɓo da ɓarna, sai da ya ga mutuwa ƙuru-ƙuru. Wannan yana cikin Suratu Yunusa, daga aya ta 90 zuwa ta 92. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Daga nan za ka gane, ya ɗan'uwa, kuskuren wanda ya ce, "Na yi zunubi, bari in aje salla da wuridi sai na gyaru." Wannan kamar mutum ne da ya faɗa rijiya, aka zura masa igiya, ya ce ba zai kama ba sai tufafinsa sun bushe. Ɗan abin da ya rage maka na ɗa'a, shi ne igiyarka. Riƙe shi.

Kifi ya amayar da Annabi Yunusa a gaɓar da babu inuwa, yana mai rauni, Allah ya tsirar masa da wata shuka mai yaɗo, dangin kabewa, ta yi masa inuwa. Suratul Ƙalami, aya ta 50, ta ce Ubangijinsa ya zaɓe shi, ya sanya shi cikin salihai. Kalmar zaɓi ɗin nan ita ce aka faɗa wa Annabi Adamu. Annabinmu kuma, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana wani ya fifita kansa a kan Yunusa ɗan Matta. A ranar Ɗa'ifa ma, da ya haɗu da Addasu, wani bawa Banasare mutumin Ninawa, ya kira Yunusa ɗan'uwansa.

Mutanen garin nan da sun ka ga hadri,
Su kai waje, yara da manya, da tuba.

Sharhi: Bayan fitar Annabinsu, mutanen Ninawa suka ga alamun azaba sun taso musu. Masu tafsiri sun ruwaito cewa suka fita fili gaba ɗaya, maza da mata, suka raba iyaye da ƴaƴansu, na mutane da na dabbobi, kuka ya tashi ta ko'ina. An ruwaito kuma cewa suka mayar da haƙƙoƙin juna, har mutum yakan tone dutsen da ya ƙwace ya sa a harsashin ɗakinsa, ya kai wa mai shi. Allah ya janye musu azaba, ya bar su suka ji daɗi har wani lokaci, kamar yadda aya ta 98 ta Suratu Yunusa ta faɗa. Da Annabi Yunusa ya koma, ya tarar da mutum dubu ɗari ko fiye sun yi imani. Birnin kansa ya faɗi daga baya, a shekara ta 612 kafin haihuwar Annabi Isa, ya zama kufai. Ganuwa ta tafi, amma labarin tubar nan ana karanta shi har yau.

Ka lura da dutsen nan na harsashi. Hawaye kaɗai ba su isa ba inda akwai haƙƙin wani. Sun fi son ɗaki ya tsage a kan su haɗu da Allah da dutsen mutane.

Ga Dawuda, ya ji guda ya hukunta,
Ya gane gwaji ne, ya durƙusa tuba.

A kab ba shi gafara har da kusanci,
Ya faɗi ƙasa ne, ya tashi da riba.

Sharhi: Annabi Dawuda, alaihis salamu, Allah ya haɗa masa annabci da sarauta, ya ba shi Zabura. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa yana azumin yini ɗaya ya sha ɗaya, kuma yakan yi barci rabin dare, ya tashi sulusinsa, ya sake kwanciya sudusinsa. Wata rana yana ɗakin ibadarsa sai mutum biyu suka hauro masa katanga da ƙara. Ɗaya ya ce ɗan'uwansa yana da tumaki 99, shi kuwa tunkiya ɗaya, kuma mai yawan yana son ya haɗa da tasa. Annabi Dawuda ya yanke cewa an zalunce shi. Wasu malamai sun ce abin da ya auku shi ne ya yi hukunci kafin ya ji ta bakin na biyu. Amma labarin da ake yaɗawa na matar wani sojansa, malamai masu tantancewa sun ƙi shi, domin bai dace da Annabi ba.

Nan take ya gane jarrabawa ce, bai jira gari ya waye ba, ya nemi gafara, ya faɗi ƙasa. Wurin nan, aya ta 24 a Suratu Sad, yana cikin wurare 11 da muke sujadar tilawa a mazhabar Imamu Malik. Aya ta 25 kuma ba ta tsaya ga gafara ba, ta ƙara masa da kusanci da kyakkyawar makoma. Wannan shi ne zuciyar darasinmu: a duk ƙissoshin nan uku, bawa bai koma inda yake da ba, an ɗaga shi gaba. Dalili kuwa, mai ɗa'a yakan san Allah da sunansa na Mai sakamako, amma mai tuba yakan ƙara saninsa da sunayensa na Mai gafara, Mai karɓar tuba, kuma yakan san talaucin kansa. Babu abin da ke kusantar da bawa kamar ya san shi mabukaci ne. Amma fa kada wani ya ce, "To, bari in yi saɓo don in tuba." Wanda ya sha guba da gangan don yana da magani, wa ya ba shi tabbacin zai kai ga maganin?

Ka tashi a yau, kar ka ce sai da gobe,
Fa rai da jiki dole ne za a raba.

Sharhi: Sharuɗɗan tuba, kamar yadda muka karanta tun muna yara a Ahalari, su ne nadama a kan abin da ya wuce, da barin saɓon nan take, da niyyar ba za a koma ba. In akwai haƙƙin mutum, sai an mayar masa ko ya yafe. Ƙofar kuwa a buɗe take matuƙar rai bai kai ga gargara ba, kuma rana ba ta fito daga yamma ba. Annabinmu, wanda aka gafarta masa abin da ya gabata da abin da ya jinkirta, yana neman gafara fiye da sau 70 a yini, a wata ruwaya sau 100. Shi ya sa shehunnanmu suka buɗe wuridin safe da na maraice da istigfari 100, kafin salati da hailala. Sai an wanke ƙwarya kafin a zuba nono. Wuridi ba ladan waɗanda suka gama tsarkaka ba ne, wurin wanki ne.

Abin da na gaya wa ɗan'uwan nan kuwa shi ne: cin dukiyar maraya yana cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa, ba zan sauƙaƙa maka shi ba. Gobe da safe ka tafi wurin waliyyin yaran, ka faɗi gaskiya, a rubuta adadin a gaban shaidu biyu, ka riƙa biya ko da mudu-mudu ne a kowace kaka. In kana da abin sayarwa, ka sayar. Da la'asar kuma ka zo ka zauna a da'ira tare da ƴan'uwanka, domin kunyar da ta hana ka zikiri ba daga Allah take ba. Ku kuma ƴan'uwa, in irinsa ya dawo, ku matsa masa wuri, kada ku bi shi da kallo.

Allah ya ba mu tuba ta gaskiya kafin mutuwa, ya sauke mana haƙƙin bayinsa da ke wuyanmu, ya gafarta wa iyayenmu da malamanmu, ya sa mu cika da imani. Amin. Wanda ya ga kuskure a cikin wannan ya gyara, ya kuma sa mu a addu'a.