Kalmar Sirri Kaɗai Ba Ta Tsare Kwamfuta

Tun da aka kafa Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya a 2023 ake ta jan kunnen ma'aikatu da 'yan kasuwa a kan masu kutse ta intanet. Madalla. Sai dai akwai ɓarawon da ba ruwansa da intanet, wato wanda hannunsa ya kai kan kwamfutar, ko ya sace ta a ofis ko an kai masa ita gyara. Jama'a da dama sun saki jiki don sun sa kalmar sirri, alhali kalmar da Windows ke tambaya in an kunna, shiga Windows ɗin kawai take hanawa. Wanda ya kwance faifan ajiya ya jona shi da wata kwamfutar, ko ya tayar da taka da filashi mai ɗauke da Linux, zai karanta takardunka tsaf, ba wanda zai tambaye shi komai. Misalin mai dogaro da kalmar sirri kaɗai kamar magidanci ne da ya ƙera wa zaure ƙofar ƙarfe, ya sa ƙaton kwado, ya rataya makulli a wuya yana ta washe baki, ga katangar baya damina ta zubar da ita tun bara, awaki ma shiga suke suna fita.

Maganin shi ne a rikiɗa bayanan faifan gaba ɗaya, yadda ba mai iya karanta su sai da makulli. Don wannan aiki, BitLocker na nan a Windows tun zamanin Vista, masu Mac suna da FileVault, masu Linux kuma LUKS. Wani zai ce shi ba shi da abin ɓoyewa. To, lambobin BVN da NIN na abokan ciniki fa, da hotunan iyali? Amana ce a hannunka, kuma mai sakaci da amana zai amsa tambaya gaban Allah, ko da hukuma ba ta kama shi ba. Wani kuma tsoronsa kada ya manta makulli ya rasa komai. Wannan tsoro yana da tushe, shi ya sa BitLocker ke ba da lambar ceto mai alƙaluma 48. A rubuta ta a takarda a adana a gida. Mai cusa ta cikin jakar kwamfutar kuwa, kada ya zargi kowa.

Sauran matakan masu sauƙi ne: a sa wa BIOS, wato saitin tayar da kwamfuta, kalmar sirri, a danna maɓallin Windows da L kafin a tashi zuwa salla, kada a jona filashin da aka tsinta. Jama'a, a duba yau, a tabbatar faifan a kulle yake.