Rashin Haihuwa da Neman Magani

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Bayan haka, darasinmu na wannan mako ya shafi wata damuwa da ke raba aure a Sandamu da sauran garuruwan ƙasar Daura, watau rashin haihuwa. Ɗa kyautar Allah ne. Annabi Zakariyya, alaihissalam, bai fid da rai ba har tsufa, aka ba shi Yahaya. Malamai kuwa sun tabbatar cewa neman magani bai saɓa wa tawakkali ba.

Yana daga hikimar Ubangiji a yi magani domin wata cuta, daga baya a tarar da wani amfani a cikinsa. Misali shi ne letirozol, wanda aka yi domin sankarar mama. Wajen shekarar 2001 likitoci a Kanada suka nuna cewa yana sa ƙwan mace ya nuna ya fito, domin yana rage wani sinadarin jikinta na 'yan kwanaki, sai ƙwaƙwalwa ta ƙara zaburar da gidan ƙwai. A 2014 aka buga sakamakon gwajinsa a Amurka kan mata 750 waɗanda ƙwansu ba ya fita a kan kari. Kimanin 27 cikin ɗari suka haihu, alhali masu shan tsohon maganin, kilomifin, 19 cikin ɗari ne. Haka nan metfomin na ciwon sukari yana taimakon wasunsu.

To, jama'a, a nan ne ake son lura. Waɗannan magunguna galibi na matar da ƙwanta ba ya fita ne. Ba su buɗe hanyar mahaifa da ta toshe, kuma shan su da mace ta yi ba ya gyara maniyyin miji. Saboda haka saye a kemis bisa shawarar maƙwabciya ganganci ne da lafiyar da Allah Ya ba mu amana.

Abin da ya kamata shi ne miji da mata su tafi tare Babban Asibitin Daura, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, a auna su duka biyu. Sau da yawa matsalar tana wajen maigida, amma matar ake wa gori, a kira ta juya, har a sake ta. Wannan zalunci ne, kuma za a tambaye mu a kansa.

Allah Ya ba masu nema zuriya ɗayyiba, amin.