Darasi Na Goma Sha Biyu: Ruwan Jakara da Kogin Nilu

Idan wata rana ka tashi daga Abuja ka je Kano, ka shiga Kasuwar Kurmi, za ka ga rumfuna da cinkoson jama'a, amma ba za ka ga kurmi ba. Kurmi shi ne wuri mai duhuwar itatuwa, galibi a bakin ruwa. Ruwan da ake nufi a nan shi ne Jakara, wanda har yanzu yake ratsa tsohon birni, ko da yake dattin gari ya ci ƙarfinsa. Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa kasuwar. Tun kafin zamaninsa da daɗewa, mutanen wurin suna jin tsoron wannan ruwa, suna kuma girmama shi.

Mun san haka daga littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, H. R. Palmer ya fassara shi zuwa Turanci a 1908. Littafin ya ce kafin zuwan Bagauda, wajen shekarar 999, shugaban matsafan wurin shi ne Barbushe, mazaunin Dutsen Dala. Abin bautarsu Tsumburbura, kuma mazauninta wata itaciya ce da aka kewaye da katanga. Ba mai shiga sai Barbushe. Sau biyu a shekara yakan sauko daga dutse. Jama'a su taru daga gabas da yamma, kudu da arewa, wani riƙe da baƙin kare, wani baƙar kaza, wani baƙin bunsuru. Da dare ya shiga wurin tsafin, in ya fito ya gaya musu abin da zai faru a cikin shekarar.

Jakara kuwa ana kiranta Kurmin Baƙin Ruwa. An ce rassan itatuwan kurmin ba sa ko motsi sai in masifa na tafe. A lokacin ne za a ji ƙara, a ga hayaƙi yana tashi daga tsibirin da ke tsakiyar ruwan. Sai a yanka baƙin kare da baƙin bunsuru. In ƙara da hayaƙi sun tsaya, an tsira. In sun ci gaba, sai a shirya wa wahala. Ka lura da abin da mutanen nan suke nema a wurin ruwa. Labarin gobe suke nema, domin manomi ba ya da tambayar da ta fi wannan: shin bana za a ƙoshi?

Wannan tambaya ce mutanen Masar na dā suka riƙa yi wa kogin Nilu, dubban shekaru kafin Barbushe. A Masar ruwan sama ba ya sauka sai jefi-jefi. Daminarsu a wata ƙasa take faɗuwa, can a kan tsaunukan Habasha. Daga nan ruwa yake gangarowa, kogi ya cika ya batse tsakanin watan Yuli da Oktoba, ya malale gonaki. In ya janye sai ya bar baƙar laka mai albarka, har suka sa wa ƙasarsu suna Kemet, wato baƙar ƙasa. Su ba su san da ruwan Habasha ba, saboda haka suka ce wani abin bauta ne mai suna Hapi yake kawo ambaliyar. Sukan zana shi da ƙaton tumbi, yana ɗauke da faifan abinci, alamar wadata. Amma ba su tsaya ga sadaka da roƙo kaɗai ba. Sun gina matakala mai alamomi a bakin kogi, kamar wadda ke tsibirin Elefantin kusa da Aswan, suna auna hawan ruwa. In ya gaza, yunwa; in ya wuce kima, rushewar gidaje. A ganina, nan ne suka yi wa mutanen Dala zarra, domin abin da aka auna ana iya rubuta shi a kwatanta da na bara.

Babban abin bautarsu kuwa Ra ne, wato rana. Kada kamannin kalmomin nan biyu ya ruɗe ka har ka ce daga Ra Hausawa suka sami "rana". Kama da wane ba ta wane. Ka kuma tuna rana a Hausa mace ce, mukan ce "rana ta fito", alhali Ra namiji ne, mai jikin mutum da kan shaho. Sun yi imani cewa da safe yakan shiga jirgin ruwa ya ƙetare sararin sama, da dare ya bi ta ƙarƙashin ƙasa yana yaƙi da wani ƙaton maciji mai suna Afofis, kuma fitowar alfijir ita ce shaidar ya yi nasara. Me ya sa jirgin ruwa? Domin a Masar kogi ne babbar hanya, mutum da kaya duk a jirgi suke tafiya. Tarihin Kano bai ambaci rana cikin abubuwan da mutanen Dala suka bauta wa ba. Dutse da itaciya da ruwa ya ambata.

Sarki Tsamiya, wanda ya yi mulki daga 1307 zuwa 1343, shi ya rushe wurin tsafin Tsumburbura, kuma a zamanin Sarki Yaji Wangarawa suka zo daga Mali da addinin Musulunci. A Masar addinin Kirista ne ya fara maye gurbin tsohuwar bauta, sannan Musulunci. Ambaliyar kanta ta daina zuwa bayan da aka kammala babbar madatsar ruwa ta Aswan a 1970.

Aiki

1. Me mutanen Dala suke yi idan sun ga hayaƙi a tsibirin Jakara?
2. Yi jimla ɗai-ɗai da waɗannan kalmomi: kurmi, ambaliya, laka, tsibiri.
3. Tambayi wani dattijo daga cikin Gbagyi abin da kakanninsa suke faɗi game da Dutsen Zuma ko kogin Usuma, ka rubuta shi da Hausa cikin jimloli goma.